Fuskar Surukina a Takardar Siminti

Ranar da Allah ya karɓi ran surukina, tabarmin da muka shimfiɗa a ƙofar gidanmu na Gomari ba su isa ba. Aka aro na masallaci, maƙwabcinmu tsohon malamin makaranta kuma ya sa aka kwaso bencunan cocinsu a cikin keke. Mai bayarwa ya karɓi abinsa, mu ma muna kan hanya. Wannan mun faɗa wa juna har bakinmu ya bushe. Abin da ba mu sani ba shi ne yawan mutanen da marigayin ya taɓa zaunarwa a gabansa ya ce kada su motsa.

Ina cikin gida wajen mata, amma maigidana, wanda shi ne babban ɗan marigayin, yana leƙowa yana ba ni labarin waje. 'Yan dakon kasuwar Gamboru sun zo gaba ɗayansu, sun bar kayan mutane a ƙasa. Manoman shinkafa sun zo daga Zabarmari, ƙafafunsu da busasshen taɓo. Wani dattijo mai sayar da bandar kifi ya zaro wata tsohuwar takarda daga aljihu, ninkinta har ya fara yagewa, ya buɗe wa jama'a. Fuskarsa ce da marigayin ya zana da gawayi, tun yana da haƙora.

"Wallahi ban san ina da kwarjini ba sai da Malam ya nuna min," in ji shi.

Aka yi dariya a wurin makoki, shi kuma ya rufe fuska da hannun riga ya fashe da kuka.

A cikin gida surukata, wadda muke kira Iya, tana zaune a lulluɓe cikin lafaya, kowa ya shigo sai ta ce "wushe, wushe," wato sannu da Kanuri, ba ta ƙara komai. Sai da wata tsohuwa mai ƙosai ta fara ba da labarin yadda marigayin ya taɓa tsayar da ita da cokali a sama yana zana ta har ƙosan ya ƙone, sannan Iya ta buɗe baki. Ta ce, "Tun ina amarya nake wanke baƙin gawayi a rigunansa ina faɗa. Yanzu wa zan yi wa faɗan?" Mata suka yi ta ba ta haƙuri. Ƙanen marigayin kuwa, Baffa, wanda duk unguwa ta san ya fi kowa adawa da zanen nan, an ce ya koma can gefe shi kaɗai, ya ƙi ci ya ƙi sha.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki, kuma rubutu ba aikina ba ne. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, duk masu ta'aziyyar nan suna faɗin abin da surukin nawa, wanda muke kira Baba, ya ba su, amma babu wanda ya san abin da shi ya nema. Abu ɗaya ne tak. Mutumin da ya zana rabin Gomari yana so wani ya zaunar da shi, ya kalle shi yadda yake kallon mutane, ya zana shi, shi kuma ya ga abin da idonsa. A duk gidan nan mutum ɗaya ce ta koyi aikin, ita ce ni, matar ɗansa, wadda tarbiyya ta hana ta ɗaga kai a gabansa.

Baba akawu ne, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, zane kuwa ba sana'arsa ba ce. Bai taɓa sayarwa ba, bai kuma cika ajiyewa ba. Da ya gama sai ya miƙa wa mai fuskar, ya ce, "Taka ce, ba tawa ba." Gawayinsa ma shi yake haɗawa. Ya yanko siraran rassan dogon yaro, ya cusa su a gwangwanin madara, ya huda murfin, ya tura cikin garwashin murhun Iya. Takarda kuwa buhun siminti ne. Duk inda ake gini a unguwa magina sun san shi, suna ajiye masa. Ya ɓare shafin ciki mai tsabta, ya kaɗe, a goge masa da dutsen guga. Dutsen gugar nawa ne, kuma har ya bar duniya bai taɓa tambayar dalilin da yake saurin lalacewa ba. Abin goge kuskure kuma tsakiyar burodi ce, shi ya sa in an sayo burodin karin kumallo a gidan nan sai ka tarar an ƙwaƙule shi ta ciki.

Ba ya zana mutum daga hoto, ko za ka kwana kana roƙo. Ya ce kyamara ba ta kallon mutum, haɗiye shi take yi. Sai dai ka zo ka zauna, da numfashinka da gajiyarka. Zai miƙe hannu da gawayi, ya kanne ido ɗaya yana auna tsawon hancinka da faɗin kafaɗarka, wanda bai san shi ba ya zaci wani asiri ake yi masa. Kuma ba ta fuska yake farawa ba, ta ƙafa ne. Yakan ce a fara duba inda mutum ya ɗora nauyinsa, don ɗan dako ko ya sauke kaya, wuyansa bai san an sauke ba. Lokacin girbi sai ya hau mota zuwa Zabarmari, ya zauna a bakin fadama, ya wuni yana zana gadon bayan masu yankan shinkafa. Ya dawo fuska duk baƙi, sauro ya gama da ƙafafunsa, yana murna kamar an ba shi kujerar Makka.

Wanda ya fi kowa shan wahalarsa shi ne maƙwabcin nan namu, mutumin kudancin Borno, mai haƙurin gaske. In Baba ya rasa wanda zai zana sai ya ƙwala masa kira ta katanga. Shi kuwa ya zo da rediyonsa ya zauna yana cewa, "Malam, wannan fuskar dai ita ce ta jiya, ban canza ba." Baba ya ce, "Ka canza. Jiya 'yarka ba ta kira ka a waya ba, yau ta kira." Kuma ta kira ɗin.

Rigimarsa da Baffa ita ce babbar rigimar da na gani a gidan. Baffa mutum ne mai riƙo da addini, ya kuma ɗauki abin da zafi. Wata rana bayan sallar Juma'a ya tarar da Baba a zaure yana zana mai gyaran takalmi, ya tsaya a kansa ya ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Gobe ƙiyama za a ce ka busa musu rai, da me za ka busa?" Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Ni ban halicci kowa ba. Aikin Mai halitta nake dubawa, tunda ku kuna wuce shi a hanya ba ku ko waiwaya." Baffa ya kaɗa riga ya fita. Damina guda ba su haɗa kwano ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun suna yara.

Ni dai ba malama ba ce, ban san wanda ya fi gaskiya ba. Abin da na sani, maganar ta shiga Baba, don na sha jin sa yana istigfari bayan ya gama zane. Daga baya ya samo wa kansa mafita. Kowane zane sai ya bar wani abu bai ƙarasa ba, galibi kunne ɗaya, wai don kada a ce ya cika halitta. Mu a gida muka sa wa wurin suna kunnen Baffa. Da labarin ya kai wa Baffa ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Ya dawo cin abinci, amma in ya ga an ɗauko takarda sai ya juya baya. Baba bai yi asara ba, ya zana ƙeyarsa, kuma duk wanda ya gani ya gane ta.

Sau ɗaya na san ya karya dokarsa. A shekarun da mutanen ƙauyuka suka cika gari saboda rashin zaman lafiya, wata mata ta zo da goyo, ta ce an gaya mata akwai mai fitar da fuskar mutum a takarda. Mijinta ya tafi gona bai dawo ba, hotonsa kuma yana cikin wayar da ya tafi da ita. Baba ya ce shi ba ya zana wanda bai gani ba. Matar ta ƙi tashi. Can sai ya tambaye ta ko mijin yana da ɗan'uwa. Washegari ta zo da ƙanen mijin. Baba ya zaunar da shi, ita kuma ya sa ta tsaya tana kallon takardar, tana faɗa da Kanuri a ƙara faɗin goshi, a rage leɓe, a sa wushirya. Da aka kai wani wuri sai ta daina magana, ta zauna a ƙasa. Baba ya ajiye gawayi. Wannan zanen kam kunnuwansa biyu cif.

Tsakanina da shi kuwa, sai wanda ya san surukuta zai gane. Ni 'yar Gamboru ce, iyayena 'yan kasuwa ne da suka daɗe a garin nan, kuma abin da uwata ta fi nanata min ranar da za a kai ni shi ne, uban miji ba a haɗa ido da shi. Dangin mijina ma a nasu ɓangaren haka abin yake, ko ma ya fi. In zan gaishe shi na durƙusa daga nesa, idona a kan takalmansa. In zai shigo tsakar gida sai ya yi gyaran murya tun daga zaure, ya ba ni damar gyara mayafi in shige ɗaki. Ban taɓa faɗin sunansa ba, shi ma bai taɓa faɗin nawa ba. Mai ɗinki yake ce min, shi ma in yana magana da wani. Ba na kushe wannan. Da shi aka raine ni, kuma na ga gidajen da aka zubar da shi, ban ga abin sha'awa ba. Amma na san ƙafafun Baba fiye da nawa, har farcen babban yatsansa da ya taɓa fashewa. Fuskarsa kuwa sai dai abin da gefen ido ya ɗauko min: farin gemu, hula, da tsagen Kanuri a kumatu.

Ina zana wa masu kawo ɗinki samfurin riga a guntayen takardunsa, mace ba fuska, don su zaɓa. Wata rana iska ta kai ɗaya zaure. Da yamma sai ga Iya da takardar a hannu, fuska a ɗaure, ta ce, "An ce a gaya wa mai ɗinki, wannan matar in ta tsaya haka faɗuwa za ta yi. Ƙafarta ba ta ƙarƙashin kanta." Na ji haushi, don rigar nake sayarwa ba matar ba. Amma da na duba, gaskiya ce. Na gyara na ba Iya ta mayar. Jim kaɗan ta dawo. "An ce yanzu ta tsaya, amma hannunta ya kai gwiwa."

Haka karatun ya fara, Iya tana kai da kawowa tana mita, wai da tsufanta an mayar da ita masinja. Da ta gaji ta ajiye aikin, sai Baba ya koma ajiye kujerarsa a jikin bangon ɗakina kusa da taga, ya juya baya, yana magana da bishiyar tsakar gida. "Da wani zai ji ta tawa, da ya daina zana ido kamar kifi. Ido ƙwallo ne a cikin rami, fata ce ta rufe shi." Ni kuma ina ciki a kan keken ɗinki, na tsayar da ƙafa ina saurare. In ina da tambaya sai in yi wa Iya da ƙarfi, ko da Iyar tana kasuwa. Bishiyar nan ta sha karatu, da tana da hannu da ta fi ni iyawa. Na fara da 'ya'yana in suna barcin rana, na koma kan masu kawo ɗinki, na zana maƙwabcinmu da rediyonsa, na zana Iya tana tsintar shinkafa. Maigidana ma na gwada shi, sai dai ba ya iya zama wuri ɗaya. Shi da 'yan'uwansa babu wanda ya ɗauko hannun uban, in ya zana akuya sai ka ɗauka tebur ne.

Ranar da Baba ya ga yadda na zana Iya, an ce ya daɗe yana dubawa. Washegari saƙo ya zo, wannan karon ta bakin maigidana, yana sosa ƙeya.

"Baba ya ce... wai ki zana shi."

"Shi wa?"

"Shi Baban."

Na ce ya koma ya ce bai same ni ba. Ya ce gida ɗaya muke kwana, wace irin ƙarya ce wannan. Sannan ya gaya min abin da uban ya faɗa masa. Ya gwada zana kansa a madubi ba sau ɗaya ba, amma ya ce da mutum ya tsaya gaban madubi ya riga ya gyara fuska, baƙo yake gani. Hoton katin fanshonsa kuwa ya ce wannan ɓarawon akuya ne aka kama, ba shi ba. Yana so kafin ya mutu ya ga yadda yake a idon wani.

Na amince, don ba a ce wa Baba a'a. Aka shirya da hantsi a gindin bishiya, Iya ta zauna a gefe. Ya sa farar riga, ya zauna ya dafa gwiwoyi. Na fara ta ƙafa kamar yadda ya koyar, na yi ta lafiya lau. Na hau gwiwa, na zo hannuwa, na yi jijiyoyin bayan hannu da carbin da ke tsakanin yatsu. Na kai maɓallin wuya. Daga nan wuyana ya ƙi. Wallahi ba don ban so ba, na ce wa kaina ɗago, abin ya ƙi ɗaguwa, gumi ya jiƙa min mayafi. Da ƙyar na kai gemu, na saci kallo sama kaɗan, sai na tarar shi ma ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Mutumin da yake tsare ƙaton ɗan dako da ido har sai ya tsargu, ga shi ya kasa. Iya ta dube ni ta dube shi, ta ce, "To, ku biyun allura kuka yar ne?" Aka tashi da zanen mutum ba kai. Baba ya karɓa ta hannun Iya, ya gaya wa bishiya cewa hannuwan sun yi, kuma bai taɓa sanin sun tsufa haka ba.

Shi ya kawo dabara ta biyu. Ya ce zai rufe idonsa, in ya rufe ai babu haɗa ido, mai ɗinki ta kalli abin da za ta kalla. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi, dattijo ya zauna a tsakar gidansa ido a rufe don matar ɗansa ta samu sakewa. Ranar na ga goshinsa, na ga tsagen nan sun nutse cikin tamoji, na ga wani ɗan tabo a gira. Na yi aiki ina tsoron kada ya buɗe. Bai buɗe ba. Da na gama Iya ta zagayo ta leƙa kafin a miƙa masa, sai ta yi salati da ƙarfi.

"Gawa kika zana min? Mijin nawa kika kwantar tun yana numfashi?"

Ban lura ba sai da ta faɗa. Farar riga, ido a rufe, baki a tsuke, fuska a sake. Kafin Baba ya ce a kawo ya gani, ta fizge takardar ta cusa a murhu. Ya yi faɗa, karo na farko da na ji ya ɗaga mata murya, ita kuma ta ce ya yi duk abin da zai yi, ba za a yi mata mugun fata a cikin gida ba. Ta rantse ba za a sake ba tana raye. Ban ga laifinta ba a lokacin, yanzun ma ban gani ba. A shekarun nan ta rasa 'yan'uwa da yawa, ta san yadda fuska take komawa in an rufe mata ido.

Daga nan maganar ta kwanta. Baba ya ce a bari Iya ta huce, Iya kuwa ba ta san hucewa da wuri ba. Aka ce bayan Sallah, aka ce in an gama bikin autarsu, aka ce in zafi ya ragu. Kowa yana ganin akwai lokaci, tunda tsohon yana hawa mota zuwa Zabarmari da ƙafarsa.

Maƙwabcinmu ne ya fara lura. Ya ja maigidana gefe ya ce, "Ku kai Malam asibiti. Jiya ya zana ni, ya sa min hanci a inda ba a sa hanci." Ashe ya daɗe yana ɓoyewa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya ci jijiyar, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Aka yi ta ɗiga magani. Maigidana ya tayar da maganar zanen, ya ce a yi tun da sauran gani. Iya ta ce yanzu da yake jinya ne za a zana shi, sai ka ce sallama ake yi da shi? A bari magani ya yi aiki tukuna. Baba ya bar maganar, don ba ya so ya sake ɗaga mata hankali.

Ganin ya riƙa tsukewa daga gefe har ya zama sai abin da ke gabansa daidai, daga baya shi ma ya dushe. Ya daina sa gwangwani a murhu. Magina suka ci gaba da aiko da buhunan siminti, ba wanda ya iya ce musu su bari, na riƙa gogewa ina tarawa a ƙarƙashin gado. Bai taɓa kuka da ƙaddara a gabanmu ba. Sai dai in mutum ya zo gaishe shi, ka ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwa.

Wata safiya, bayan ganin ya tafi gaba ɗaya, ina kan keke sai ga Iya a bakin ƙofa. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Ɗauko takardarki. Ni na rantse, ni zan yi kaffara."

Na same shi a gindin bishiya. Na durƙusa na gaishe shi, idona a kan takalma kamar kullum. A karon farko bai yi magana da bishiyar ba.

"'Yata," ya ce, "ɗago. Idon da kike jin kunya ya riga ya tafi."

Na ɗago. Idanun suna nan a buɗe. Ba baƙaƙe ba ne kamar yadda na zata duk shekarun nan, ruwan ƙasa ne mai haske, kalar shayin da ba a sa wa madara ba. Suna kallon wani wuri a bayan kafaɗata. Na sha jin mutane suna cewa idon Malam yana shiga har cikin ƙashi, in ya dube ka sai ka tuna laifin da ka yi tun kana yaro. Wannan idon ban same shi ba, na zo an riga an tashi. Na fara aiki hawaye yana ɗiga a takarda, ina gogewa da gefen mayafi.

"Kina sauri," ya ce. "Ina jin gawayin. Ba kora ake yi ba."

Na rage. Ya riƙa tambaya ina amsawa, ni da shi kai tsaye, ba ta bakin Iya ba. Ya ce me na gani. Na ce girar hagu ta fi ta dama hawa sama. Ya ce ta ubansa ce. Na ce kumatun sun faɗa. Ya ce haƙoran da suka fita ne, kada in yi masa gata, in sa yadda yake. Ya tambaya ko fuskar mai faɗa ce, don 'ya'yansa suna tsoronsa suna ƙanana. Na ce a'a, Baba, ta mai saurare ce. Ya ce to madalla. Hirar da muka yi a wannan hantsin ta fi duk wadda muka yi tun zuwana gidan.

Da na gama na miƙa masa da hannu biyu, ba ta hannun kowa ba. Ya kai takardar dab da fuskarsa. Ya nisanta ta. Ya juya wajen rana ya ɗaga ta sama, ya daɗe a haka, mu kuwa ba mai motsi. Sannan ya ɗora ta a cinya ya bi ta da yatsa a hankali, ko zai ji layin. Gawayi ba ya jure taɓi. Yatsansa ya ja baƙi daga goshi har gemu, ina gani na ƙyale shi.

"Ya yi kama?" ya tambayi Iya.

"Kai ne," ta ce. "Har taurin kan ya fito."

Ya yi dariya sosai, har da tari. Da dariyar ta lafa sai ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Kin san wani abu? Ni ma ban san taki fuskar ba. Na zana mutanen da ban san ko sunansu ba. Wadda ta ɗauki hannuna kuwa, da za ta wuce ni a kasuwa ba ta yi magana ba, da ban gane ta ba."

Iya ta share ido ta ce, "To taɓa mana. Ai 'yarka ce."

Ya ɗaga hannun, yatsun duk baƙi, ya miƙo shi har rabin hanya. Ina durƙushe, tsakanina da hannun bai kai taƙi ɗaya ba, da na matsa kaɗan shi ke nan. Hannun ya tsaya a iska. Ban matsa ba, shi ma bai ƙaraso ba. Can ya mayar da shi kan gwiwarsa.

"A bar shi," ya ce. "Allah ya yi miki albarka."

Bai kai damina ta gaba ba.

Ya Allah, ga bawanka ya iso gare ka. Ka yafe masa inda ya kuskure, ka yalwata masa makwanci, ka mayar masa da ganinsa. In kuma ka ƙaddara mana haɗuwa a gidan rahama, ka ba mu ikon ɗaga kai, ni da shi.